Ba Za a Ɗaure wa Ɗiyata Hannu Ba

Ni bahaguwa ce, haka Allah Ya halicce ni. Ina yarinya aka kawo ni Yamai daga Damagaram, wurin gwaggona, ita kuwa ta rantse sai ta gyara ni. Kullum in zan tafi lakwal, wato makaranta, sai ta ɗaure mini hannun hagu da tsumma a cikin riga, wai ɗiyar mutunci ba ta rubutu da hagu. Ci da gaisuwa da dama ban taɓa musu a kansu ba, addini ne. To alli da wuƙa da allura fa? Haka na tashi, duk abin da na ɗauka sai ya zube. Ranar wani suna a unguwar Dar es Salam ta Yamai, ina budurwa, na ɗauko tiren shayi da hannun da aka tilasta mini, ya kife a kan leshin wata hajiya. Mata suka kwashe da dariya, gwaggo ta ce a yi haƙuri, sakarya ce tun asali. Na yarda da ita, na daɗe ina ɓuya a bayan mutane.

Yanzu ina koyar da Ingilishi a lise, wato sakandare. Akwai wata kalma da nake koya wa ɗalibaina, awkward. Masu harshen suna faɗinta ga wanda hannunsa ba ya daidaita, ko in taro ya yi tsuru-tsuru an rasa abin cewa. Da na bi asalinta sai na tarar tana nufin abin da aka juya ta baibai. Na yi dariya har da hawaye, don ai ni ce aka juya.

Kwanan baya gwaggo ta zo gidana, ta iske ƙaramar ɗiyata tana zane da hagu. Sai ta yago gefen tsohon kallabi za ta ɗaure mata hannu. Ban ɗaga mata murya ba, amma na karɓe tsumman, na ce mata a gidan nan an gama wannan. Ta ce boko ya cire mini kunya, kuma har yau ba ta sake tako gidana ba. Abin yana mini zafi, ina zuwa gaishe ta, amma a kan wannan ba zan ba da haƙuri ba.

Iyaye, ku koya wa ɗa ci da dama, ku bar masa sauran. Ba sakarci aka haife ni da shi ba, tsumma ne ya sa mini shi. Jiya ɗiyata ta ɗauko tire da hagu, ta miƙo mini kofi da dama, ko ɗigo bai zuba ba.