Kwamfutar da Kawu Bulus Ya Auna da Hannu

Kowace al'umma tana da ranar da aka zalunce ta, wadda take koya wa 'ya'yanta don kada a manta. Tawa ranar Asabar ce, bayan an gama cire masara, shekarar da nake aji biyar na sakandare. A wani shago a Sabon Gari aka yi abin, da rana tsaka, a gaban mahaifina.

A lokacin an mayar da jarrabawar shiga jami'a ta kwamfuta, hankalin iyaye a Samaru duk ya tashi. Baba malamin firamare ne, bai taɓa danna komai ba sai rediyo, amma ya sayar da masara da awaki biyu, ya ce za a saya mini laftof ta hannu. Ya kuma yi mini bayani irin na aji: sau ɗaya za a saya, in ta lalace, in koma ga fensir.

Ni kuwa da tawa manufar. Kullum in na taso makaranta, na cika randunan Mama, na yanko wa sauran awakin ciyawa, sai in sulale shagon gem da ke bayan kasuwa. A nan ake biya a buga ƙwallon kwamfuta wasa ɗaya, yara goma na tsaye a bayanka suna zagin hannunka, mai shagon kuma yana iya kashe janareta kana shirin bugun fanareti. Burina a duniya shi ne in buga ƙwallon nan a ɗakina, babu layi, babu numfashin kowa a wuyana. Wani ɗalibin jami'a da ke haya a gidanmu, wanda muke kira Injiniya, ya rubuta mini a takarda abin da zan nema: ram kaza, girafik kaza, wato ma'aunin ƙarfin na'urar. Ya ce in babu waɗannan, wasan ko buɗewa ba zai yi ba. Na haddace takardar nan fiye da duk wata aya da aka taɓa ba ni a makarantar Lahadi.

Abin da ban saka a lissafi ba shi ne Kawu Bulus, yayan Mama. Ya yi rayuwarsa yana auna shanu da dusa a gonar gwamnati ta Shika har ya yi ritaya, daga nan dangi suka naɗa shi masanin komai. A gidanmu ba a sayen abin da ya wuce tukunya sai an aika masa. Shi ya zaɓi rediyon Baba, da dutsen guga, da keken ɗinkin Mama, kuma hanyarsa ɗaya ce: ya ɗaga abu, ya rufe ido, ya jinjina shi. "Abin da ba shi da nauyi," in ji shi, "ba a sa komai a ciki ba." Ranar Asabar ɗin da sassafe na gan shi zaune a ƙofar gida yana shan kunu, sanye da kwat ɗin zuwa coci.

A shagon, Oga Chidi mai kayan ya ji abin da Baba zai iya biya, ya fito da guda biyu. Ɗaya siririya ce mai ruwan azurfa, duk abin da ke takardata yana jikinta. Ɗayar baƙa ce mai kauri, kamar murfin rijiya. Kawu ya ɗauki siririyar da yatsu biyu, kamar an miƙa masa mataccen ɓera, ya ajiye. Ya ɗaga baƙar, ya rufe ido, fuskarsa ta saki.

Na ce, "Kawu, waccan ta fi ram."

Ya ce, "To, Farfesa ya yi magana. Wannan ba ta rubutu ne?"

"Tana yi."

"Tambayoyin jarrabawar ba sa fitowa a kanta?"

"Suna fitowa, amma..."

"Amma me? Mene ne waccan mai kama da faifai take yi wanda wannan ba ta yi? Faɗa wa ubanka, ga shi nan."

Nan ya kama ni, kuma na tabbata ya sani. Baba ya taɓa fito da ni daga shagon gem da kunnena a hannunsa, har gida bai saki ba. In na ambaci ƙwallo, ba siririya, ba baƙa, sai dai mu koma da kuɗin awaki. Na dubi Oga Chidi ko zai cece ni, sai na ga mutumin da baƙar nan ta daɗe tana tare masa wuri a shago. Ya ce, "Kawunku ya san kaya, wallahi. Wannan ko mota ta taka ta, motar ce za ta je gareji." Baba ya gyaɗa kai kamar an karanta masa Linjila. Aka naɗe ta a leda.

Ni na ɗauko ta a jakata. Kafin bas ɗinmu ta wuce Kwangila cinyata ta sage, da muka sauka kuma hannun jakata ya tsinke. Kawu ya ce wannan ma shaida ce.

Daga ranar na shiga yaƙi. Na rantse ba zan nemi komai a wurin baƙar kwamfutar nan, wadda na laƙaba wa suna jaki, ba sai karatu, don kowa ya ga abin da aka yi mini. In na kunna ta, fankarta ta fara ƙara kamar injin markaɗe, sai in buɗe ƙofa don Mama ta ji aikin yayanta. In na gama tambayoyina in rufe ta da ƙarfi, in bar wa ƙanwata Ladi ta yi aikin gida, in koma layin shagon gem da kuɗin tarana. Kawu kuwa na rage masa gaisuwa zuwa abin da doka ta tilasta: ina kwana, a tsaye, ido a bango. Duk Kirsimeti sai ya tambaye ni, "Farfesa, jakin naka yana nan?" Ni kuma in ce, "Yana nan, Kawu, ya ƙi mutuwa." Mama ta yi ta cewa in ji tsoron Allah. Na ci jarrabawa, aka yi ta yi wa Kawu barka, kamar shi ya zauna.

Yanzu ina da laftof ta ofis, siririya kamar littafin rubutu, wadda babu wasan da zai gagare ta, amma rahoto kawai nake bugawa a kai. Shagon gem ya zama wurin cajin waya. Wani lokaci in na bi ta wurin, nakan ji ina kewar yaran nan goma da zaginsu, har da mai kashe janareta.

Kawu ya rasu bara. A zaman makoki kowa ya kawo alherinsa, ni kuma da aka watse na ba 'yan gida labarin Sabon Gari, ina cewa na yafe, a muryar wanda bai yafe ba. Ladi tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba.

Ta ce, "Yaya, ai ƙwallon yana tashi a kan jakin naka. Injiniya ne ya sa mini. Shekara biyu ina bugawa in ka tafi shago."