'Yar Ikko a Tabarmar Kaɗin Iya

Shekaranjiya da la'asar ina zaune ina tsince wake, jikata tana gefe tana bitar abin da aka koya musu a makarantar boko. Ni ba na jin Turanci, karatuna bai wuce na allo ba, shi ma ban yi nisa ba. Amma kunne kam Allah ya ba ni. Sai na ji ta faɗi wata kalma, ta sake faɗinta da ɗan huci a wutsiya, sss, kamar mai korar kaza. Na aje faifai.

Na ce, "Na farkon nan guda ɗaya ne, na biyun kuma sun yi yawa, ko ba haka ba?"

Ta saki baki tana kallona. "Tsohuwa, wa ya gaya miki?"

To, bari ku ji wanda ya gaya mini.

A wani ƙauye na tashi kusa da Maska, tun Nasara ba su iso ƙasar nan ba, sai dai labarinsu a bakin fatake. Gidanmu gidan auduga ne. Maza su noma, mata su gurza, su shiɓe, su kaɗa. Kakata, wadda duk gida ke kira Iya, tana da tabarmarta a gindin ceɗiyar tsakar gida, mazari a hannu, alli a yatsa. Haƙoranta na gaba duk sun zube, amma bakinta bai san da haka ba. Maƙwabcinmu yana da jakuna marasa jin magana, in an yi shanyar dawa a ƙofar gida sai sun shiga. Daga tabarmar nan Iya za ta ɗaga murya: "Kai mai jakuna, kullum jakunanka a cikin shanyarmu. Kwashe su maza-maza, tun ban taso ba." Ba ta taɓa tasowa ba. Amma ko kajin gidan sun haddace maganar.

Wata shekara, ruwan fari ya sauka ke nan ƙasa tana ƙamshi, sai ga baffana, ƙanen babana, wanda ya bi fatauci tun ban yi wayo ba. Ya zo da jakunansa, da wata yarinya tsarata zaune a kan kaya. 'Yarsa ce. A Ikko aka haife ta, can bakin teku, uwarta kuma ta rasu. Uwar ba Bahausa ba ce, ta tashi cikin masu hulɗa da Nasara, don haka bakin yarinyar Yarabanci ne da yaren Nasara. Shi kuwa baffa kullum yana hanya, bai zauna ya sa mata Hausa a baki ba. Muka sa mata 'Yar Ikko.

Ba a ƙi ta ba, ku ji da kyau. Son ta ma ya yi yawa. Sai dai kowa ya ɗauka in ya ƙara murya za ta gane. Gwaggo takan durƙusa dab da kunnenta ta kwarara mata "Ci tuwo," yarinya ta zabura ta gudu bayan rumbu. Malam ya yi mata rubutu ta sha don harshe ya sake. Wani tsohon Bamaguje, abokin noman babana, ya ce iskokin ruwa ne suka biyo ta, tunda ana jin ta a bayan rumbu tana magana ita kaɗai. A ba shi jan zakara ya raba su. Babana ya yi masa godiya, ya raka shi har zaure, zakaranmu ya ci gaba da cara.

Damina ta yi tsakiya, gero ya fi mutum tsawo, ita kuwa sai ramewa. Wata safiya baffa ya zo gaida Iya, ya daɗe a tsugunne.

Ya ce, "Iya, yarinyar nan za ta mutu mini a tsaye. In ruwa ya ɗauke ayari ya tashi, zan mai da ita wurin dangin uwarta."

Iya ba ta tsai da mazari ba. "Kai hanya ta cinye mini, ita ma za ka kai mata? Bar mini ita zuwa tsinkar auduga. In ba ta yi baki ba, ni da hannuna zan ɗaure mata ƙunshi."

Kowa ya zaci Iya za ta zaunar da ita ta yi ta nanata mata kalmomi. Ba haka ta yi ba. Ta sa na jawo ta kan tabarma, ta ɗauki ƙwai guda ta nuna mata, ta nuna kunnenta, ta yi fuskar mai roƙo. Wato ita ce ke neman a koya mata. Can yarinyar ta faɗi wata 'yar gajeriyar kalma, da kyar muka ji. Iya ta ƙaro ƙwai a tafin hannu. Yarinyar ta sake faɗin kalmar, amma da hucin nan a wutsiya. Aka gwada da ludayi, aka gwada da mazari, duk haka. Na ce, "Iya, su in abu ya yi yawa huci suke yi masa."

Iya ta gyara zama za ta kwaikwaya. Ba haƙori. Maimakon huci sai iska ta fita ta giɓin, fiii, kamar sarewar makiyayi. 'Yar Ikko ta toshe baki, ta kasa, ta fashe da dariya har da faɗuwa a kan audugar da aka shiɓe. Ran nan muka fara ganin ita ma tana da giɓi.

Iya ta ce, "To, kin yi mini dariya, sai ki biya. Wannan ƙwai."

Daga nan musaya ta kankama, ki ba ni ɗaya in ba ki ɗaya. 'Yar Ikko ta koyi kalmar akuya, sai ta ga garke ta liƙa wa akuyar huci a wutsiya. Iya ta ce, "A'a, mu nan in akuya ta yi yawa sunan ma sake shi muke yi. Awaki." Yarinyar ta harare ta kamar an cuce ta a awo.

Iya takan ce suna shi kaɗai tuwo ne ba miya. Ka ce awaki, to, me suka yi, kuma yaya suka yi shi? Sai ta juya mazari a hankali ta ce sannu-sannu, ta murza shi da ƙarfi ta ce maza-maza. Ta nuna rana daga gabas zuwa yamma, ta sake, ta sake, ta ce kullum. Yarinyar ta ba mu nasu, mu ma muka yi ta tuntuɓe da su. Kafin a yanke gero tana iya haɗa biyu da uku: kaji kullum yunwa, tururuwa maza-maza. Ta fara cin tuwo ma, in dai daga ƙwaryar Iya ne.

Amma a tabarmar nan kawai take magana, ita ma da raɗa. Da ta ji takun namiji sai ta haɗiye harshe. Na roƙi Iya ta kira baffa ta sa ta faɗi ko kalma ɗaya a gabansa. Ta ce, "Biri ce da zan ce ta yi rawa a ba ni tukuici? In bakinta ne, zai fito da kansa."

Bai fito ba. Aka tsinci auduga, rumbuna suka cika, madugu ya aiko cewa ayari zai tashi. Iya ta cika alkawari, ta ɗaure ƙunshin da hannunta, ta cusa mazari guda a ciki. Da hantsi muka fito ƙofar gida. Baffa yana sallama da maza, 'Yar Ikko tana tsaye da ƙunshi a ka, Iya kuma ta juya baya wai tsakuwa ta shiga idonta. Ba wanda ya lura jakunan baffa sun zame sun tsunduma baki cikin dawar da muka shanya.

Sai muka ji murya, siririya amma da lanƙwasar Iya sak:

"Kai mai jakuna, kullum jakunanka a cikin shanyarmu! Kwashe su maza-maza, tun ban taso ba."

'Yar Ikko ce. Maganarta ta farko a gaban mutane, kuma ubanta ta yi wa faɗa. Gwaggo ta dafe ƙirji. Babana ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Baffa ya dubi 'yarsa, ya dubi jakunan, ya zauna daɓas a kan dakali yana dariya, har dariyar ta koma wani abu dabam ya sa hannun riga ya rufe fuska.

Iya ta juyo. "Ba ka ji abin da aka ce ba ne? Dawar tana ƙarewa."

Ya tashi ya kore su. Da ya dawo ya sauke ƙunshin daga kanta ya miƙa wa Iya. Ya ce, "Wadda ta iya faɗa a kan shanya ai ta zama 'yar gida."

Ya tafi shi kaɗai, ya dawo da damina ta kewayo, daga baya ma ya bar hanyar ya kama fartanya. 'Yar Ikko kuwa a wajen Dayi ta yi aure, ta zama matar da ba a gama gaisawa da ita a tsaye. Yaren uwarta ya zube mata sannu-sannu, sai 'yan kalmomin da muke tsokanar juna da su har ta koma ga Allah.

Yanzu ga shi yaren da aka nemi jan zakara a kansa shi ake tura yara Funtuwa su koyo. Wasu tsarana suna jin tsoro, wai zai cinye musu Hausarsu. Ni ban ji tsoro ba. Na ga bakin mutum ɗaya ya ɗauki yare uku bai yage ba.

Na ce wa jikata ta sake faɗin kalmar nan sannu-sannu, zan gwada. Na manta nawa haƙoran ma sun bi na Iya. Iska ta fita, fiii. Ta yi ta dariya har ta kifar mini da wake.

Na ce, "To, kin yi mini dariya, sai ki biya. Ɗauko mazarin can ki zauna."