Goggo Fumie, Muryar da Ke Dawo da Jiragenmu

Kafin rana ta gama fitowa daga ruwa, Fumie Sakihara ta riga ta jingine kekenta a ƙofar ofishin ƙungiyar masunta, ta ɗora shayi, ta kunna rediyon kira. Sai ta bi jiragen kamun kifi ɗaya bayan ɗaya, tana faɗa musu inda iska ta dosa. Haka muka taso muka same ta a ɗan tsibirin nan namu, inda idan gari ya yi wasai kana hango duwatsun Taiwan daga bayan gida. Yaro da babba Goggo Fumie muke ce mata. Ni Harue ce, ƙanƙara nake sayarwa a bakin tashar jiragen ruwa, kuma mijina Shinkichi yana cikin waɗanda take kira.

Da can labarin iska kaɗai take bayarwa. Yanzu kuwa, yau an rufe tekun kudu saboda sojojinmu da na Amurka suna atisaye, gobe jiragen yaƙin China sun tsaya a yamma. Manya su yi magana a Tokyo, washegari mu rasa wurin jefa ƙugiya.

Ba zan manta ranar da aka yi shelar za a harba makamai masu linzami cikin teku da tsakar rana ba. Duk jirage sun dawo, ban da na mijina. Ina tsaye a ƙofar ofishin, ina jin Goggo tana kiransa a rediyo.

"Shinkichi, kai mai kunnen ƙashi, kana ina?"

"Goggo, inji ya mutu. Ruwa yana ja na yamma."

"Sau nawa na ce ka canza injin nan? Ai ya girmi matarka!"

"Bar faɗan nan. Ki ce wa Harue..."

"Ba na cewa komai, ni ba 'yar aikenka ba ce. Ka dawo ka faɗa mata da bakinka."

Jirgin masu gadin teku yana can nesa, ba zai iso kan lokaci ba. Sai ta murɗa rediyon zuwa layin masuntan Taiwan, ta shiga kira da gurgun yarensu da ta koya wurin kakarta, wadda ta taɓa aikatau a can. Wani tsoho mai suna Kho ya amsa. Shi da mijina sun shekara suna zage-zage a kan ruwa. Ta faɗa masa wanda ya maƙale.

"Wa? Ɗan iskan da ya yanke mini igiya bara?"

"Shi fa. Jawo shi, ka zage shi a hanya har ka ƙoshi."

Kho ya je. Mijina ya ce suna cikin tafiya suka ji ƙara a bayansu, ruwa ya tashi sama kamar gini, tsohon kuma bai fasa zagin ba.

Ba wanda ya ba ta lambar yabo. Wani jami'i ne ma ya zo daga birni, ya ce kada ta ƙara faɗa wa baƙi inda jiragenmu suke, a irin wannan zamani. Ta sunkuya ta ba shi haƙuri. Aka toshe mata wancan layin. Da Kho ya rasu, sai da aka yi watanni kafin labari ya iso mu.

Ke ce, Goggo, kika san muryar kowane magidanci a garin nan, kika san wanda ke tsoro ko da yana dariya. Ke ce uwar masu kan ruwa. Kin riƙe bakinki ba ki taɓa firgita matar kowa ba.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma da ita za a rufe ɗakin rediyon. An ce saƙon waya ya isa. Jiragen ma saura kaɗan. Samarinmu sun tafi manyan birane, a makaranta 'ya'yan sojoji sun fi namu yawa. Kwanan baya aka tara mu a zauren gari, wani mutumin gwamnati ya ce idan yaƙi ya ɓarke za a kwashe mu zuwa babban tsibirin Kyushu, can nesa a arewa, kowa da jaka ɗaya. Wani ya yi tambaya kan shanunsa, wata kan kabarin iyayenta. Goggo ta ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, waɗanda ke kan ruwa a lokacin fa?"

Mutumin ya ce ana kan nazari.

Mun gode, Goggo Fumie. Ba mu da abin ba ki sai wannan. Ku kuma 'yan baya, idan akwai wanda ya rage, ku je barandarta ku koyi ko gaisuwa ce da yaren maƙwabta, tun kafin a hana mu gaishe su gaba ɗaya.

Jiya na same ta durƙushe a bayan gida tana dasa mangwaro. Na ce, "Goggo, wannan ai sai ya yi shekaru kafin ya yi 'ya'ya. Muna nan kuwa?"

Ta danna ƙasar da tafin hannu, ba ta ɗago ba.

"Ban sani ba, Harue. Miƙo mini ruwan."