Benediktas Grigonis da Kabarin Kamu Ɗaya

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi Benediktas Grigonis a watan Oktoba na shekarar 1944 a Varnakalnis, wani ƙauye na gundumar Lazdijai da ke kudancin Lituwaniya, ɗa tilo ga Motiejus Grigonis, manomi mai kiwon zuma, da matarsa Veronika. A watan Mayu na 1948 sojojin Sobiyet suka kwashe iyalin tare da dubban irinsu, aka loda su a taragun dabbobi zuwa Siberiya, bisa laifin mallakar gona da dawaki biyu. A can aka sa Motiejus saran itace har ciwon huhu ya yi ajalinsa a hunturun 1951. Abokan wahalarsa suka hura wuta a kan ƙasar da ta daskare, suna narkarwa suna haƙawa, kuma saboda girmamawa da gudun namun daji suka zurfafa kabarin fiye da tsayin mutum. Benediktas yana da shekara bakwai, yana tsaye yana kallo.

Karatu, Aiki da Aure

An ba su izinin komawa gida a 1958, suka tarar da baƙi a cikin gidansu. Ya yi karatun labarin ƙasa a Vilnius, sannan ya koyar a wata sakandare ta gundumarsu, inda ya shekara ashirin yana nuna wa yara taswirar da ƙasarsu ba ta da launin kanta a ciki. A 1970 ya auri Aldona, ma'aikaciyar jinya, mace mai kaifin harshe wadda ba ta taɓa barin maganarsa ta wuce ba tare da ta ɗora mata wani abu ba. Mahaifiyarsa ta rasu a 1985, wasiyyarta guda ce, a dawo mata da mijinta.

Tafiyar 1989

Da hukuma ta fara sassautawa, Benediktas ya koma Siberiya da shebur da gatari. Ko a tsakiyar bazara ƙasan kabarin ƙanƙara ne, dole shi ma ya hura wuta yadda ya ga an yi yana yaro. Girmamawar da aka yi wa mahaifinsa ita ta zame masa azaba, tafukan hannuwansa suka saɓule kafin ya kai ga akwatin gawar. Ya wanke ƙasusuwan a bakin kogi, ya jera su a ƙaramin akwati, ya kawo su Varnakalnis aka binne kusa da Veronika. Bai taɓa ba da labarin wannan haƙa ba, ko da an sha an yi nishaɗi.

Shekarun Laima

Bayan Lituwaniya ta sami 'yancin kai daga Sobiyet ya bar aji ya shiga aikin wayar da kan jama'a kan tsaron ƙasa, kuma da aka fara neman shiga ƙungiyar tsaro ta NATO, babu ɗakin taron ƙauye a kudu da bai tsaya a ciki ba. Bayaninsa bai canzawa: ƙasa mai mutum miliyan uku ba ta iya tare Rasha da ƙirjinta, amma idan ta shiga ƙarƙashin laimar manyan ƙasashe masu makaman nukiliya, wanda ya taɓa ta ya taɓa su duka. Tsofaffi kan tambaye shi ko akwai shugaban da zai yarda a ƙone masa birni saboda Varnakalnis, ƙauyen da ko sunansa ba zai iya faɗa ba. Sai ya amsa cewa ba lallai ne ya yarda ba, ya wadatar maƙwabcin, wato Rasha, ya kasa tabbatar da cewa ba zai yarda ba. Aldona ta laƙaba masa suna Mai Laimar Aro, sunan ya bi shi har coci.

Da aka karɓi ƙasar cikin NATO a 2004, ya yi abubuwa biyu. Ya sa aka kafa babban dutse a kan kabarin iyayensa, aka sassaƙa sunansa da na Aldona a ƙasa, aka bar gurbin shekarar mutuwa kamar yadda aka saba. Sannan ya hana 'yarsa Jurgita bin yayyenta ƙetare, ya ba ta fili a ƙauyen, ya tabbatar mata cewa zamanin taragun dabbobi ya wuce har abada. Ta yarda da shi, ta gina gida, ta haifi 'ya'yanta a wannan siririyar ƙasa da ke matse tsakanin yankin Kaliningrad na Rasha da ƙasar Belarus.

Shekarun Ƙarshe

Ƙwace Kirimiya da Rasha ta yi daga Yukiren a 2014 bai girgiza shi ba a fili, yana cewa Yukiren ba ta cikin laima. A 2022 suka sauki wata gwauruwa 'yar gudun hijira daga Yukiren mai suna Halyna a ɗakin da babu kowa. Ranar tunawa da matattu, sa'ad da kowane gida ke share kaburburansa yana kunna kyandir, ta bi su maƙabarta, ta nemi izinin kunna nata a gefen dutsen Motiejus, domin kabarin mijinta yana yankin da ya faɗa hannun sojojin mamaya. Ta ce su ma an taɓa yi musu alƙawari da sa hannun manya, lokacin da ƙasarsu ta miƙa nata makaman nukiliyar. Benediktas ya buɗe baki zai yi bayanin bambancin wancan alƙawari da nasu, bayanin da ya iya kamar sunansa, sai ya riƙe mata ashana kawai. Daga wannan shekara bai sake karɓar gayyatar taro ba, bai kuma janye ko kalma ɗaya daga abin da ya koyar ba.

Rasuwa da Jana'iza

Da ciwon daji ya kwantar da shi a ƙarshen 2024, ya tara iyalinsa ya ce a ƙone gawarsa, a zuba tokar a tulun ƙarfe mai mariƙi, a binne ta ba da zurfi ba. Babu wanda aka taɓa yi wa haka a zuriyarsu. Aldona ta yi fushi sosai, ta ce wato bayan shekara hamsin da huɗu ita za ta kwanta a ƙasa shi kuwa yana cikin tulu kamar zumar ubansa. Jurgita ce ta tambayi abin da kowa ke gudu.

"Baba, ashe ƙarya ka yi mana?"

"Ba ƙarya ba ce, 'yata. Har gobe ina kyautata zaton laimar za ta buɗe. Amma ban taɓa ganin an buɗe ta ba, kuma ba a hannuna take ba. Ni na haƙo ubana. Ba na son ki haƙo ni."

Ya rasu ranar 9 ga Disamba, 2024, yana da shekara tamanin. Bayan addu'a a cocin ƙauyen aka binne tokarsa a gindin dutsen da ya kafa. Ya bar matarsa Aldona, da jikoki shida, da 'ya'ya uku: Rimantas, injiniya a Norwe, Vaidotas, direban manyan motoci a Ayaland, da Jurgita, malamar firamare a Varnakalnis. Jurgita ce ta tsaya a kan mai haƙa kabarin, ta auna ramin da hannunta daga gwiwa zuwa yatsa, ta ce ya isa. Sheburin da ya tafi da shi Siberiya yana bayan ƙofar gidanta, ko da ranar gudu za ta zo.