Zuwa Rano, Makarantar Masu Gardama

Unguwar Gai

Ana sallame sallar asuba na fito, ƙullin ƙuli-ƙuli da yaji a hammata. Matan ajinmu na yaƙi da jahilci, kun dame ni da tambayar abin da ya kai ni Rano, to ga shi da hannuna. Wadda ta ga harafi ya karkace ta yi haƙuri, da furfura na fara riƙe fensir.

Jikata Ummi ce dalili. Sunana gare ta, shi ya sa ubanta, ɗana Sale, ba ya iya kama sunan. Tana wata makarantar kwana a bayan garin Rano. Gwamnati ke biyan malamai, mutanen gari ke tafiyar da ita, ba a karɓar ko kwabo. Karatunsu irin na mutanen da ne: nahawu, tarihi, lissafi, waƙa, taurari, da koyon kafa hujja. Sale ya ce karatun surutu ne, in ta zo hutu ba za ta koma ba, ɗinki za ta koya a Kibiya. Na ce bai isa ba. Ya ce, "Inna, ke da ko ƙofar wurin ba ki taɓa gani ba?" Maganar ta ci ni, don gaskiya ce.

Ɗan acaɓan unguwarmu ya ɗauke ni. Ya ce, "Iya, riƙe ni da kyau."

Na ce, "Na riƙe ubanka yana cikin tsumma, kai ne za ka gagare ni?"

Muka wuce inda tsamiyar nan take a da, wadda muke sauke tallan gyaɗa mu huta, mu gyara ɗaurin ɗankwali kafin mu shiga gari. An sare ta. Shagon cajin waya ne a wurin.

Kibiya

Gari ya waye sosai muka shiga tasha. Na sha koko da ƙosai ina jiran mota ta cika. Ƙosan yanzu, sai ka haɗa uku kafin bakinka ya san ka ci wani abu. Na faɗa wa mai tuyar, ta ce in je in tambayo kuɗin wake.

Aka cusa ni tsakanin buhun albasa da wata Bafulatana mai ƙwaryar nono a cinya. A wani shinge jami'i ya leƙo ya ce, "Hajiya, ina zuwa?"

Na ce, "Makaranta."

Ya ce, "Kin makara fa."

Na ce, "Na sani, ɗana. Buɗe mana kar in ƙara."

Hanyar Rano

Da duwatsun Rano suka ɓullo sai na tuna mahaifina. Farkon zuwana garin nan a ƙafa ne, ina yarinya, ina bin mahaifina da gorarsa ta ruwa. Shi ne mai sulhu a unguwarmu, har daga nesa ake aikowa a kira shi. Ranar wasu 'yan'uwa ne suka yi rigima kan iyakar gona. Na tuna takalmansa na fata, na tuna ya saya min alewa a bakin kasuwa. Duwatsun suna nan yadda na bar su. Mutanen ne babu.

Makaranta

Hantsi ya dubi ludayi na isa. Mai gadi ya ce yau ba ranar ziyara ba ce. Na ce ni ba ziyara na zo ba, bincike na zo. Muna cikin haka wata malama ta fito, Malama Hadiza, doguwa mai tabarau. Ta ji bayanina, ta ce in biyo ta, amma in zauna shiru a baya. Na ce to.

Ajin a gindin mangwaro yake, an jera bencuna a kewaye. Ga Ummi a tsaye a tsakiya, ta ba ni baya. Sai na ji muryarta tar:

"Uban da ya cire 'yarsa daga nan bai yi laifi ba. Keken ɗinki bana zai fara ciyar da gida, nahawu fa, sai yaushe? Yana ganin waɗanda suka gama karatu suna zaune ba aiki. Kuma akwai wanda ba zai iya faɗa ba: tsoro yake kar 'yarsa ta dawo tana gyara masa magana a gaban mutane."

Shirun da na yi alkawari ya ƙare a nan. Na miƙe na ce, "Ke marar kunya! Na karya ƙuguna a kan babur don in tsaya miki, ashe da bakinki aka ƙulla abin? Kwaso kayanki mu tafi, ga ɗinki can yana jiranki!"

Ummi ta waigo ta dafe kai. "Na shiga uku, Kaka! Wa ya sako ki?"

Yara suka tuntsire da dariya, wata har da faɗowa daga benci. Malama ta riƙo hannuna ta zaunar da ni. Ta ce, "Hajiya, ƙa'idarmu ce. Duk wadda ta kawo jayayya, sai ta fara faɗin hujjar ɗaya ɓangaren, ta faɗe ta da kyau, yadda in mai ita yana nan zai ce haka ne. Sannan a ba ta dama ta faɗi tata. Ummi ba ta kai ga tata ba."

Abin da mahaifina yake yi ke nan a zaurenmu. Ina kai ruwa ina laɓewa bayan zana, in ji yana cewa, "Kafin ka ba shi amsa, maimaita abin da ya ce, har sai ya yarda haka ya ce." Da yawa a wurin maimaitawar faɗan yake mutuwa. Na ɗauka an binne wannan tare da shi. Na goge ido da gefen mayafi, na ce ƙwaro ne.

Ummi ta faɗi tata, ba ta ja da tsawo ba. Ta ce ɗinki zai jira ta, ko a hutu ta koya, amma benci in ta tashi wata za a ba. Ta ce karatun da ya koya mata jin maganar ubanta ba zai koya mata raina shi ba.

Aka ba ni shinkafa da wake. Waken bai nuna ba, na kuma faɗa musu. Ummi ta karɓe ƙuli-ƙulinta ta ce, "Tsohuwa, gobe ma ki zo ki tayar mana da aji." Na kai mata duka, ta goce.

Komawa gida

Bayan azahar na sami mota, rana na shirin faɗuwa na sauka a ƙofar gida. Sale yana zaune yana gyara ƙotar fartanya, ya ɗaure fuska, ya shirya wa faɗa. Na zauna kusa da shi, na jero masa hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya, har ta ƙarshen. Na ce, "Haka ne?"

Ya ajiye fartanyar. "Inna, wannan ta ƙarshen wa ya gaya miki?"

"'Yarka. A gaban aji, kuma ba ta kama sunanka ba. Yanzu kai ma faɗo min nata."

Ya fara, ya tsaya. Na ce saura. Ya ƙara, na ce saura. Muna haka har ladan ya kira magariba. Da ya tashi ɗaukar buta sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "In ta zo hutu ta faɗa min da bakinta. Katifarta kuma a bar ta can, ba sai an wahala da ɗaukowa ba."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Malama Hadiza da ba ta sa an fitar da ni ba. Allah ya jiƙan mahaifina. Ƙuguna kuwa har yau bai yafe wa babur ɗin nan ba.