Ƙwallon madubin da aka ƙwace mini

Shekarun baya, ina aji biyu a ƙaramar sakandare, duk makarantarmu an san ni da ƙara wa zance gishiri. Ni ce na taɓa rantsewa cewa zakaranmu ya kori ɗan acaɓa tun daga Gwallaga har Ƙofar Wambai. Gaskiyar magana, tsalle ɗaya zakaran ya yi.

Wani hutu, kawuna mai aikin safiyo, wato awon ƙasa, ya zo gidanmu, ya tarar da ni da ƙawata muna tsintar wake a tsakar gida. Ya buɗe kwamfutarsa ya nuna mana wani tauraron ɗan'adam, mulmulalle kamar ƙwallo, jikinsa duk madubai. Ya ce akwai tashoshin da ke harba masa wani siririn haske mai ƙarfi da ake kira leza daga ƙasa, hasken ya bugi madubi ya dawo. Da lokacin da ya ɗauka ake gane nisan. In aka yi ta awo shekara da shekaru, sai a ga ƙasar da tashar take kai ta gusa.

Na ce, "Kawu, har Bauchi?"

"Har ƙarƙashin tabarmar nan, 'yar nan. Amma a hankali, kamar tsiron farcenki."

Da muka koma makaranta, malamin kimiyya ya ce zai zaɓi mutum ɗaya ya wakilce mu a gasar baje kolin kimiyya. Na so abin nan kamar raina. Na fasa madubin mahaifiyata na ce kyanwa ce, alhali ba mu da kyanwa. Na manna gutsattsarin a jikin ƙwallon ƙanena, na sayo 'yar fitilar leza irin ta jikin makulli. Kwana uku yatsuna na zubar da jini. To, yanka ɗaya ne, amma ya yi zafi.

Ranar gwaji na tsaya gaban aji na yi bayani tsaf. Wallahi ko ƙwayar gishiri ban sa ba. Aji ya kwashe da dariya.

Malam ya ce, "Ke mai zakara, yau kuma ƙasa ce ke tafiya? Ina za ta, Jos?"

"Malam, a tambayi ƙawata, tare muka ji."

Ta sunkuyar da kai tana wasa da biro. "Ni dai, Malam, wake nake tsinta."

Ya karɓe ƙwallon ya jefa a durowa, ya ce in je in zauna.

Bayan mako uku, a taron safe, aka kira ƙawata gaban makaranta ana tafi. Kofin gasar a hannun dama, ƙwallona a hagu. Ashe Malam ya bincika ya ga gaskiyata, sai ya ce gara a tura yarinya mai natsuwa wadda alƙalai za su yarda da ita. Har misalin farcen da kawuna ya ba mu ta faɗa musu.

Da yamma uwarta ta shigo gidanmu tana nuna hoton a waya. Mahaifiyata ta ƙura masa ido, ta gane shuɗin bakin madubinta.

"Zo nan, kyanwa."

Ƙawata ta samu kofi, ni na samu bulala.

Na san da laifina, ni na sayar da bakina da arha tun farko. Amma Malam bai taɓa cewa in yi haƙuri ba, ƙawata kuma har yau gida biyu ne tsakaninmu, gaisuwa kawai. Duk Juma'a in na zauna yankan farce sai in tuna Bauchi ta ƙara gusawa kaɗan. Ni ce dai ban gusa daga gaban ajin nan ba.