Hablaba: Ziyarar Jikata a Cheras

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da ƙanina da ya rako ni. Kafin mu sauka Kuala Lumpur ƙafafuna sun kumbura kamar fanke. Jikata ce ta fito da ni, 'yar ɗana mai koyarwa a can. Tana ƙarama aka tafi da ita, bakinta cike da Hausa. Tsorona kada in tarar ba mu da harshen da za mu yi hira.

Garin kore shar, titi sumul, ruwan sama kuwa kusan kullum da la'asar. A unguwar Cheras suke, can ƙololuwar bene. Shinkafarsu ta madarar kwakwa ta yi mini, amma durian, ɗan itacen nan mai wari, ko kyauta na yafe. Kayan miya akwai tsada, gara da na ƙullo kuka da daddawa.

Abin da nake gudu shi na tarar. In yi wa yarinya Hausa, ta amsa da Turanci, ta liƙa "lah" a ƙarshe irin na mutanen can. Raina ya sosu ƙwarai.

Wata rana muna cikin jirgin ƙasa za mu unguwar Brickfields sayen yadi, na ji jikata tana ta "Abba, Abba", uban ya yi mata banza. Na rufe shi da faɗa. Ya yi dariya har da ƙwalla. Ashe ba shi take kira ba, Sifaniyanci take bita, washegari jarrabawa. Kalmar hablar ce, wato yin magana, kuma ba a furta harafin farko. Ta yi bayani, shi yana fassara mini: a cire -ar a sa -aba, sai ya zama abin da aka saba yi a da. Hablaba ni, hablabas kai, hablábamos mu, hablaban su. Na ce ai mu ma muna da shi, "a da nakan yi". Na nemi misali.

Ta sunkuyar da kai. "Yo hablaba hausa."

Uban ya ce, wai a da takan yi Hausa. Zuciyata ta karye. Sai ta riƙo mayafina, a hankali ta ce, "Hajiya, ina ji. In na faɗa, ana dariya."

Ashe ba mantuwa ba ce, kunya ce. Nan take na kama hablábamos na yi masa kaca-kaca, ta yi ta ƙyalƙyala mini dariya. Muka shirya: ni in ɓata Sifaniyancinta ta yi dariya, ita ta ɓata Hausata ba mai ko murmushi. Haka muka ƙarasa kwanakin, har jarrabawar ta ci.

Na dawo Kano da darasi guda: dariyarmu mu manya ce ke korar yara daga harshensu. Ban gama kwance kaya ba ta kira, ta ce, "Hajiya, ka sauka lafiya?" Ta mayar da ni namiji. Na ce lafiya lau, ban gyara mata ba.